Yadda Ake Amfani da Kalmar Longevity Daidai: Rubutu, Furuci da Gina Jimla

Ɗalibai masu shirin WAEC da JAMB, da ma'aikata masu rubuta rahoton ofis, da masu fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa, suna yawan kawo tambaya iri ɗaya a kan kalmar *longevity*: me take nufi, kuma a ina ake sa ta? Amsar da ake bayarwa a tsaitsaye ita ce "tsawon rai". Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai wanda ya tsaya a kanta yakan rubuta kalmar da haruffa 11 maimakon 9, ya furta ta da sautin da ba nata ba, sannan ya liƙa mata adadin shekaru, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, *longevity* tana bayyana halin daɗewa ne, ƙirga shekaru aikin wasu kalmomi ne daban. Ka bi matakan nan a jere, domin kowanne yana tsaye ne a kan wanda ya gabace shi.

Mataki na 1: Tanadi kayan aiki

Abu uku kake buƙata. Na farko ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford Learner's Dictionaries ko Cambridge Dictionary. Dukansu suna intanet kyauta, data kaɗan za ka kashe, kuma kowanne yana da alamar lasifika guda biyu a gefen kalma, ɗaya ta furucin Ingila, ɗaya ta Amurka. Na biyu wayar da za ka naɗi muryarka. Na uku littafin rubutu da biro. Rana ta farko aikin zai ci minti 30 zuwa 40, sauran kwanakin mako kuma minti 5 ya wadatar.

Gargaɗi: kada ka dogara da ƙaramin ƙamus na aljihu ko manhajar fassara ta waya. Sau da yawa ma'ana ɗaya tak suke ba ka, ba sa gaya maka ko kalmar tana da jam'i, ba sa kuma nuna maka wurin da ta dace da wurin da za ta zama baƙuwa.

Mataki na 2: Kama rubutunta

Raba ta gida uku: *long*, sai *ev*, sai *ity*. Haruffa 4, da 2, da 3, jimilla 9. Rubuta ta sau goma kana faɗin gidajen uku a fili, ka rufe littafin, ka sake rubutawa da ka.

Gargaɗi: kuskuren rubutu da ya fi yaɗuwa shi ne *longetivity*. Dalilinsa a fili yake: kunne ya saba da *productivity*, da *creativity*, da *activity*, sai hannu ya bi sahunsu ya cusa *ti* a tsakiya. Waɗancan kalmomi daga *productive* da *creative* da *active* suka fito, alhali babu wata kalma *longetive* a Turanci. Kuskure na biyu shi ne *longivity*, inda ake sa *i* a gurbin *e*. Maganin kuskure na farko shi ne ka tuna: harafin *t* guda ɗaya ne kawai a kalmar, kuma yana dab da ƙarshe. Idan ka ga *t* biyu, ka yi ƙari.

Wannan *ev* ta tsakiya ita ce dai ta cikin *medieval*, daga kalmar Latin mai nufin zamani ko shekaru. Masu karatu a Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci suna da sauƙi a nan, domin *longévité* tsarin haruffanta kusan ɗaya ne, ƙarshen kawai za a mayar *ity*.

Mataki na 3: Gyara furuci

Gaɓa huɗu gare ta, kuma a ta biyu ake danna murya: lon-JEV-i-ti. Ka bi ta gaɓa-gaɓa.

Gaɓar farko *lon* ce, gajeriya, a wuce ta da sauri. Kada ka fara furta *long* cikakkiya sannan ka ɗora sauran a kai.

Harafin *g* a nan sautin *j* yake bayarwa, irin na "jirgi" da "jefa", kamar yadda yake a *general* da *gentle*. Wanda ya ce "longebiti" da *g* irin ta "gero" ya kauce wa abin da ƙamusoshi suka rubuta.

Sai *v*, wadda ita ce ainihin wahalar Bahaushe tunda babu ta a harshenmu, shi ya sa muke mayar da ita *b*. Ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, ka saki iska tare da murya. Tsaya gaban madubi: muddin leɓɓanka biyu suka haɗu, *b* ka yi. Ka sa yatsa a maƙogwaro kuma, idan ba ka ji yana rawa ba, *f* ka yi. Kafin ka koma kan kalmar, ka yi atisaye da *ban* da *van*, da *best* da *vest*, sau goma-goma.

Gaɓoɓi biyu na ƙarshe marasa nauyi ne, ba a jan su. Ba'amurke yakan sassauta *t* ɗin har ta yi kama da *d* mai sauri, Bature ɗan Ingila kuma yana fitar da ita sarai. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Ga ɗalibin Najeriya na Ingila ya fi dacewa, don shi jarrabawa take bi.

Gargaɗi: Hausa tana rarrabe kalmomi ne da karin sauti da tsawon wasali, saboda haka bakinmu ya saba bai wa kowace gaɓa haƙƙinta daidai wa daida. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake ɗagawa ya danne sauran. Dabarar da take aiki ita ce a faro daga baya: ka ce *viti*, sai *jeviti*, sai *lonjeviti*, kana tafa hannu sau ɗaya a kan *je*. Ka naɗi muryarka, ka saurari ta ƙamus, ka saurari taka, ka maimaita har su yi kusa. Ka'idar nan ta wuce wannan kalma: kusan duk kalmar da ta ƙare da *ity*, gaɓar da take kafin *ity* ɗin ake dannawa, kamar *ability*, *electricity*, *university*.

Mataki na 4: San ma'anoninta biyu

Ma'ana ta farko ta masu rai ce: mutum, dabba ko itace ya daɗe a raye fiye da yadda aka saba. Jeanne Calment ta Faransa, wadda aka haifa a 1875 ta rasu a 1997 tana da shekara 122, ita ce misalin da ake yawan kawowa. Kunkuru da giwa da bishiyar kuka duk ana yi musu wannan shaida. *Tortoises are known for their longevity*, wato an san kunkuru da tsawon rai.

Ma'ana ta biyu ta abin da ba shi da rai ce: mulki, sana'a, aure, kamfani, mota, ya daɗe yana aiki ko yana da farin jini. Sarkin Kano Ado Bayero ya hau karaga a 1963 ya rasu a 2014, sama da shekara 50. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi daga 1938 zuwa 1988. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi shekara 70, daga 1952 zuwa 2022. A kan kowannensu za a iya rubuta *his reign was remarkable for its longevity*, ko *her reign* ga sarauniya. Roger Milla na Kamaru ya ci ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 1994 yana da shekara 42, abin da marubutan wasanni suke kira *career longevity*. Peugeot 504, da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, har yau makanikai suna yaba ƙarkonta, to ita ma *longevity* ce.

A jaridun Turanci na yau, ma'ana ta biyu tana fitowa kusan kamar ta farko. Wanda ya haddace "tsawon rai" kaɗai zai ga *the longevity of the company* ya rasa inda zai sa ta.

Mataki na 5: Tace ta daga 'yan'uwanta kafin ka rubuta

Nan ne aka fi faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe. Kafin ka sa *longevity* a jimla, ka yi wa kanka tambayoyin nan a jere. Duk wadda amsarta ta zama "e", ka tsaya a nan ka ɗauki kalmar da ta bayar.

Tambaya ta farko: akwai lamba a jimlar? Idan za ka faɗi shekara nawa abu yake yi daga farkonsa zuwa ƙarshensa, *lifespan* kake nema. *The battery has a lifespan of five years*, batirin yana yin shekara 5. *Lifespan* ma'auni ce kamar awo, tana iya zama doguwa, tana iya zama gajeriya, shi ya sa ake cewa *a short lifespan* ba tare da wata matsala ba. Ita kuwa *longevity* tsawon yana cikinta tun asali. Za ka iya cin karo da ita tare da lamba a takardun binciken kimiyyar halittu, amma a rubutun makaranta da na ofis ka bar wa *lifespan* wannan aiki.

Tambaya ta biyu: ƙididdiga ce ta al'umma gaba ɗaya? To *life expectancy* ce, wato matsakaicin shekarun da ake sa ran jaririn da aka haifa yau zai yi idan yanayin mace-mace ya ci gaba yadda yake. Na Japan ya kai kimanin shekara 84, na Najeriya kuma hamsin da 'yan kai. Mutane da yawa suna jin wannan sai su ce ƙarya ne, ai ga tsofaffi nan 'yan shekara 90 a ƙauyenmu. Duka biyun gaskiya ne. A ce an haifi yara biyu, ɗaya ya rasu yana da shekara 1, ɗayan ya kai 91. Matsakaicinsu 46 ne, alhali babu wanda ya mutu a 46 a cikinsu. Mutuwar ƙananan yara ita take jan lambar ƙasa. Lambar 46 ita ce irin *life expectancy*, abin da tsohon mai shekara 91 ya samu kuma shi ne *longevity*. Masu Faransanci su tuna: *espérance de vie* ita ce *life expectancy*, *durée de vie* kuma *lifespan*.

Tambaya ta uku: maganar jure wahala ce, kamar duka, zafi, wanki, gogayya? To *durability* ta fi. Atamfar da ake wankewa ba ta koɗewa, da takalmin da ya sha tafiya bai fashe ba, *durability* ke gare su. Kalmomin biyu suna kusa, har akan jera su tare a tallar kaya, amma ɗaya tana kallon ƙarfin jiki, ɗayar tana kallon tsawon lokaci. Aure yana iya samun *longevity*, ba kasafai ake ce masa *durability* ba.

Tambaya ta huɗu: kayan ci ne ko magani da ake ajiyewa har wa'adinsa ya cika? *Shelf life* ake cewa. Madarar gwangwani, da garin kwaki, da maganin tari, ba a yi musu *longevity*.

Tambaya ta biyar: wa'adin riƙe muƙami kake nufi, wanda doka ta ƙayyade? *Tenure* ce, ko *term*. Shekara 4 ta gwamna *term* ce. Amma ɗan siyasar da aka yi ta juyin zamani yana nan daram, kamar Paul Biya da yake mulkin Kamaru tun 1982, shi ake yi wa maganar *political longevity*. Ka lura kalmar ba yabo ba ce dole, tana faɗin daɗewa ne kawai, ko mai kyau ko akasin haka.

Tambaya ta shida: tsufa kake nufi, da furfura da raunin jiki? *Old age* ke nan. Ba a cewa wani ya rasu saboda *longevity*.

Idan duk amsoshin shida sun zama "a'a", kuma abin da kake son faɗi shi ne wani abu ya daɗe fiye da tsararsa, to ka iso gidan *longevity*.

Mataki na 6: Kiyaye nahawunta

Suna ce, kuma cikin sunayen da ba a ƙirgawa, kamar *water* da *honesty*. A ƙamus za ka ga harafin U ko kalmar *uncountable* a gefenta. Wannan ya haifar da ka'idoji huɗu.

Ba a yi mata jam'i. Kada ka rubuta *longevities*, ko da kana maganar mutum ɗari.

Ba a sa mata *a* kai tsaye. *He has a longevity* kuskure ne. Ƙwararrun marubuta sukan ce *a longevity that surprised everyone* idan bayani ya biyo baya, amma mai koyo ya jinkirta wannan har hannunsa ya faɗa.

Idan maganar gama-gari ce, tana tsayawa ita kaɗai: *Exercise promotes longevity*. Idan ta wani abu ce takamaimai, sai *the* ta zo gabanta, *of* ta biyo baya: *the longevity of their marriage*. Ko a sa *his*, *her*, *its*, *their*.

Aikatau ɗin da zai bi ta na tilo ne: *Their longevity is surprising*, ba *are* ba, duk da *their* ɗin da ke gaba.

Gargaɗi: kalmar ba ta da aikatau, ba ta kuma aiki a matsayin siffa. *My grandfather is longevity* ba Turanci ba ne. Siffar ita ce *long-lived*, da ɗan karan ɗori a tsakiya: *a long-lived family*. Kishiyarta *short-lived*. Akwai *longevous* a manyan ƙamusoshi, amma kusan ba mai amfani da ita, ka ƙyale ta. Idan aikatau kake so, ga su: *live long* ga mai rai, *last* ga kaya, *outlive* idan wani ya ci gaba da rayuwa bayan mutuwar wani, *outlast* idan wani abu ya fi wani daɗewa, *prolong* idan an tsawaita.

Mataki na 7: Haɗa ta da abokan tafiyarta

Kowace kalma tana da waɗanda take zama da su. Aikatau da suke zuwa gabanta sun haɗa da *increase*, *promote*, *improve*, *ensure*, *enjoy*, *achieve*. Siffofinta su ne *remarkable*, *great*, *greater*, *increased*, *exceptional*, *human*, *political*.

Ƙananan kalmomin haɗi uku ne za ka riƙe. *Of* tana nuna mai daɗewar: *the longevity of the engine*. *In* tana nuna fagen da aka daɗe: *longevity in office*, *longevity in the business*. *For* tana zuwa bayan *known* ko *famous*: *known for its longevity*. Wajen sirrin tsawon rai kuwa, *the secret of longevity* da *the secret to longevity* duk ana faɗa.

Gargaɗi: kada ka ce *long longevity*. Kamar ka ce "dogon tsawon rai" ne, an maimaita abu ɗaya sau biyu. *Short longevity* ma tana cin karo da kanta, *short lifespan* ce daidai. *High longevity* ana ganinta nan da can, amma *great* ko *greater* sun fi zama a kunne.

Mataki na 8: Gina jimlolinka

Ɗauki ƙwarangwal huɗun nan, ka cika kowanne da abin da ka sani a garinku, jimla uku-uku, ka samu 12 a littafinka.

Na ɗaya, mai faɗin dalili: *She attributes her longevity to a simple diet*. Wato ta danganta tsawon ranta ga cin abinci marar tarkace. Wannan shi ne ginin da 'yan jarida suka fi so idan sun yi hira da tsoho. A kula, bayan *attribute* sai *to*, ba *with* ba, ba *for* ba.

Na biyu, mai shaida: *This generator is known for its longevity*.

Na uku, mai ba da shawara: *Changing the oil regularly increases the longevity of the engine*. Sauya baƙin mai a kan kari yana ƙara wa inji kwana.

Na huɗu, mai alaƙa, wanda ake so a rubutun makaranta: *There is a link between exercise and longevity*.

Bayan ka gama, ka karanta kowace jimla ka cire *longevity* ka sa *long life* ko *lasting a long time* a gurbinta. Idan ma'anar ta tsaya, ka sa ta daidai. Idan ta rushe, koma Mataki na 5.

Mataki na 9: San inda ba ta dace ba

Kalma ce ta rubutu da magana mai nauyi, ƙamusoshin masu koyo ma suna sa mata alamar *formal*. Gidanta rahoto, insha'i, jarida, lacca, takardar bayanin kaya. A hira da aboki, *he lived a long time* ko *it lasts long* sun ishe ka.

Inda Bahaushe ya fi sha'awar sa ta shi ne addu'a da fatan alheri, don mun saba da "Allah ya ƙara nisan kwana" da "Allah ya ja da rai". *I wish you longevity* ba ta karya nahawu ba, sai dai ta bushe, kamar likita ne yake karanta sakamakon gwaji. A saƙon zagayowar ranar haihuwa, *I wish you long life and prosperity* ita ce aka saba da ita a Najeriya, har ana taƙaita ta da haruffa huɗu, LLNP. Idan ga Bature za ka aika, *many happy returns* ko *wishing you many more years* sun fi zama masa. *Wishing you health and longevity* tana shiga a wasiƙar taya murna ga babban mutum ko a jawabin biki, inda nauyin ya dace da wurin.

"Ranka ya daɗe" da "Allah ya ja zamanin sarki" ba sa ɗaukar wannan kalma ko kaɗan. Na farko girmamawa ce, a magana ta yau da kullum *sir* ce take tsaya mata, idan kuma ana son ma'anar ta fito sai *may you live long*. Na biyu *long live the Emir* ko *may your reign be long*.

Mataki na 10: Fassara ta zuwa Hausa

Kada ka ba ta fassara ɗaya a ko'ina. Duba wanda ake magana a kansa.

Ga mutum da dabba, "tsawon rai" ko "tsawon kwana". Ga kaya da inji da tufa, "ƙarko". Ga aure da zumunci da kasuwanci, "ɗorewa", kodayake aure ma ana cewa ya yi ƙarko. Ga mulki da muƙami, "daɗewa a kan mulki" ko "tsawon zamani". Sau da yawa ma jimlar Hausa ta fi daɗi idan aka mayar da sunan aikatau. *The longevity of the company surprised investors* ba sai an ce "tsawon ran kamfanin" ba, "yadda kamfanin ya daɗe yana aiki ya ba masu zuba jari mamaki" ta fi zama Hausa.

Gargaɗi ga mai juyawa daga Hausa zuwa Turanci: "nisan kwana" fuska biyu gare ta. A addu'a tana nufin tsawon rai. Amma idan mota ta kife wani ya fito ba ko ƙwarzane aka ce "nisan kwana ne", ko "da sauran shan ruwansa", ana nufin ajalinsa bai zo ba. Wannan ba *longevity* ba ce, domin mutumin yana iya zama ɗan shekara 20. Turancinsa shi ne *he survived*, ko *it was not his time*, ko *he had a narrow escape*.

Mataki na 11: Gane ta a takardun fansho da inshora

A wannan fage kalmar tana da wata ma'ana ta sana'a da take rikita ma'aikaci mai shirin ritaya. *Longevity risk* na nufin haɗarin mutum ya daɗe a raye har kuɗin da ya tara su ƙare kafin shi. Abin da muke roƙo a addu'a, a lissafin masu inshora haɗari ne, don sai sun ci gaba da biya. A tsarin fansho na karo-karo da Najeriya ta kafa da dokar 2004, aka sabunta a 2014, mai ritaya yana zaɓa tsakanin *programmed withdrawal*, inda kamfanin fansho yake biyansa wata-wata daga asusunsa, da *life annuity*, inda kamfanin inshora yake ɗaukar nauyin biyansa har ƙarshen rayuwa. Idan ka ga *longevity risk* a takardar bayani, wannan zaɓi ake tattaunawa: wa zai ɗauki nauyi idan ran ya yi tsawo. A fassara sai a ce "haɗarin kuɗi su ƙare mutum yana raye", kada a ce "haɗarin tsawon rai" a bar mai karatu cikin duhu.

Akwai kuma *longevity pay*, wadda aka fi gani a takardun aikin gwamnati na Amurka. Ƙarin albashi ne saboda daɗewa a bakin aiki, ba ruwansa da shekarun haihuwa.

Mataki na 12: Shirya mata a jarrabawa

Hanya uku take bi ta fito. A ɓangaren furuci za a iya rubuta ta sau huɗu, kowanne da gaɓa daban cikin manyan haruffa, a ce ka zaɓi daidai: wadda aka ɗaga *GEV* ita ce amsa. Ko a ja layi ƙarƙashin *g* a ce ka nemo kalma mai irin sautinta: *judge* ko *gentle* za ka ɗauka, ka bar *go* da *sing*. A ɓangaren ma'ana mafi kusa, *long life* ce amsa idan jimlar ta mutum ce, *durability* ko *endurance* idan ta kaya ce. A ɓangaren kishiya, ka nemi *brevity*, ko *transience*, ko *short life*.

Gargaɗi: masu tsara tambaya sukan jefa *length*, ko *longitude*, ko *longing* cikin zaɓi don su kama mai bin kamannin haruffa. *Length* tsawon abu ne da ake aunawa, *longitude* layin taswira ne, *longing* kuma bege ne. Haka *immortality*, wato rashin mutuwa gaba ɗaya, ta wuce gona da iri, domin mai *longevity* yana mutuwa daga ƙarshe.

Mataki na 13: Gwada kanka

Rufe bayanan sama, ka gyara jimlolin nan shida a littafinka kafin ka duba amsa.

1. *The longetivity of this phone is impressive.*
2. *The longevity of a housefly is a few weeks.*
3. *Longevity in Japan is about 84 years.*
4. *My grandmother had a long longevity.*
5. *Their longevity are due to good food.*
6. *He attributes his longevity with daily walking.*

Ta 1, rubutu ne ya ɓaci, *longevity* ce da *t* ɗaya. Ta 2, akwai adadi kuma gajere ne, sai *lifespan*. Ta 3, ƙididdigar ƙasa ce, sai *life expectancy*. Ta 4, kuskure biyu ne a haɗe, *a* da *long*, gyaranta *My grandmother had a long life*, ko *My grandmother enjoyed great longevity* idan rubutu mai nauyi ne. Ta 5, *is* za a sa a gurbin *are*. Ta 6, *to* za ta maye gurbin *with*.

Wanda ya ci 5 ko 6 ya wuce zuwa rubuta sakin layi guda na kansa, jimla biyar zuwa shida, a kan wani tsoho ko wata tsohuwar sana'a a unguwarsu, ya sa *longevity* sau ɗaya, *lifespan* ko *long-lived* sau ɗaya. Wanda ya faɗi ta 2 ko ta 3 ya koma Mataki na 5 ya sake bin tambayoyin shida da misalan kansa, wanda ya faɗi ta 4 ko ta 5 kuma ya koma Mataki na 6.